Rigar da Ka Mayar Kujera

Bagudo,
Ranar kasuwa, da hantsi.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin mota lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sauke ka bakin teku kamar yadda ka bar ƙofar gida. Na cusa ta ƙarƙashin bandar kifin da na ƙulle maka, don na san ɗana: da a hannu na ba ka, sai ta kwana wata a aljihu. Amma yunwa za ta kai ka gare ta tun kafin Kwantagora.

Da farko, barka. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ƙanwarka Nafisa ta nuna mini shi a wayarta, ni kuma ban yi rowa ba, na zagaya da shi layin masu kifi kaf, har na leƙa wajen masu albasa. Ga kwale-kwale mai inji, ga ruwa har ƙarshen ido, ga 'yan ajinku maza da mata a jere, kowa ya ɗaure cikin rigar ceto mai ruwan lemo kamar buhunan da za a tsallaka da su iyaka. Sai mutum ɗaya tal, ƙirji a buɗe, murmushi har kunne, ya naɗe tasa rigar ya ɗora mazaunai a kai. Na ce wa mata, ku duba da kyau, wanga shi ne nawa. Ina ne za a sami yaro mai tattali haka? An ba shi riga, ya ga kujerar jirgi da tauri, ya haɗa biyu. Wannan basira ko a Kwatano ban gan ta ba.

Kulu mai albasa, ka san bakinta, ta karɓi wayar ta kai ta kusa da hanci ta ce, "Hajo, su sauran mi ya same su? Ɗari suka ji?"

Na ce, "A'a, su iyayensu suna son su dawo."

Ta yi dariya har ta zubar da mudu. Ni ma na yi, don ban saba barin Kulu ta riga ni dariya ba. Amma rannan ban iya cin tuwo ba.

Jiya da ka zauna kana ba mu labarin aikinku, na ji daɗi har cikin ƙashina, wannan ba da wasa nake faɗa ba. Ka ce kuna ɗibar ruwa a kwalabe kuna auna gishirinsa. Ka ce kuna shiga taɓo har gwiwa cikin itatuwan nan masu tsayuwa a ruwa da saiwoyi a waje, kuna kama 'yan jatan lande kuna gwada tsawonsu. Ka ce naka binciken shi ne ka farka cikin kifi ka ga ko ya haɗiyi leda. Babanka ya ce, "To, in an samu ledar sai a yi yaya, a mayar wa mai ita?" Muka yi ta dariya, kai kana ta ƙoƙarin yi masa bayani da hannuwa. Ni da na ƙare rayuwata ina farka cikin kifi ban taɓa tunanin akwai digiri a ciki ba. Da na sani, da yanzu farfesa ake ce mini. Kuma ina gaya maka, kifin gulbinmu raguwa yake yi, ƙanƙancewa yake yi, kowa a tungar masunta ya sani, ba wanda ya san dalili sai zato. In jikan masunci ne zai je ya koyo yadda ake tambayar ruwa abin da ke damunsa, to alhamdu lillahi, ban yi hayaƙin banda a banza ba.

Sai na sako maganar hoton. Ka tuna abin da ka ce? Ka ce, "Inna, rigar zafi gare ta, kuma ta waɗanda ba su iya ruwa ba ce. Ni fa Sarkin Ruwa suke ce mini a aji." Ka ce malamarku tana ɗaya jirgin, ba ta gani ba. Ka ce wancan karon ma cikin rafukan bakin gaɓa ne kawai, wannan karon ne za ku fita teku sosai. Ka faɗe shi kana murna, kamar mai shelar ɗaurin aure.

Ban so in kwance maka rawani gaban ƙanwarka ba. Amma firamaren da na yi da 'yar yaƙi da jahilcin da na ƙara sun ishe ni in kwance shi a takarda.

Ka sha jin labarin zuwana Kwatano, tun kana ƙarami kake sa ni maimaita shi kana birgima a tabarma. Yau ka sake jin sa, amma da kunnen wanda zai shiga teku.

Shekarar da aka fara shari'a ce. Malamai na ta wa'azi a kan guraye da kambuna, masunta na ta kwance na damtsensu, wasu a fili, wasu su mayar ƙarƙashin riga. Kakanka, mahaifina, wanda ka ci sunansa har ba na iya kiranka da shi, ya kwance nasa kambun ruwa, amma ya kasa jefarwa. Da ya ji zan bi mata 'yan kasuwa in kai banda har Kwatano, ya kira ni bayan rumbu ya ce, "Ungo, ɗaura. An ce can akwai ruwa mai yawa." Na ɗaura a ƙugu na rufe da zane. Muka tsallaka iyaka, muka bi ta Kandi, muka bi ta Faraku, ruwan sama ya yi mana duka a bayan babbar mota har kwandunan kifina suka yi laushi.

Masaukinmu wajen wata mai kifi ne a unguwar masunta, Maman Kosi, mace mai faɗin kafaɗa da ta taɓa zama Kandi, tana da Hausar kasuwa daidai ta ciniki da faɗa. Da gari ya waye ta ce in zo in ga teku. Na bi ta ina taunar goro, ina cewa a raina, ni ɗiyar tunga za a nuna wa ruwa? A cikin jirgi aka yaye ni. Ina 'yar ƙwailata nake tsallake gulbi da tulu a ka.

Da na gan ta, goron ya tsaya mini a kunci. Abin da na fara nema da ido shi ne wancan ƙetaren, na rasa. Na tambayi Maman Kosi, "Ina tsallaken?" Ta ce, "Babu." Na ce, "Ba a yin ruwa babu tsallake." Ta ce, "To, ga shi an yi."

Don kada ta ga na girgiza, sai na durƙusa na kamfato da hannu biyu na kai baki, kamar yadda muke gaisawa da ruwa a gida. Babana, har yau in na tuna harshena yana tattarewa. Matan wurin suka yi ta tafa cinya. An sha gaya mini teku gishiri ce, amma na ɗauka irin gishirin labari ne, wanda matafiya ke ƙarawa. Abin da zan ce maka a nan gajere ne: in mutanen wuri suka gaya maka halin ruwansu, ka yarda tun kafin ka ɗanɗana. Kuma kada ka shiga jirgi babu gorar ruwan sha don kana ganin a kan ruwa kake zaune. Wannan wauta tamu ce, mutanen gulbi, ɗan tudu ba ya yin ta.

Darasi na biyun ya fi tsada. Na ga rairayi shimfiɗe, fari tas, rana na dukansa, ga kifina da laushi yana shirin fumfuna. Na kwaso tabarmi na shimfiɗa nesa kaɗan da bakin ruwa, na baje banda a kai, yadda muke yi a yashin gulbi da rani mu tafi harkarmu mu dawo da la'asar. Maman Kosi ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Hajo, kwashe. Ruwa zai zo nan."

Na ce, "Wane wata?"

Ta ce, "Wane irin wata? Yau!"

Na yi mata murmushin da nake yi wa mai taya kifi da rabin kuɗi. Na zauna na karanta mata ilimin ruwa. Na ce ruwa sau biyu yake cikowa: farin ruwa da damina, baƙin ruwa lokacin ɗari, wanda ke gangarowa daga ƙasar Mali. Kowanne kuma yana aiko da saƙo kafin ya iso, launi ya sauya, ciyawa ta fara wucewa, mu kwashe bukkoki mu hau tudu a tsanake. Na ce yanzu ga rana tsaka, ko gajimare babu, ruwan daga ina? Ta dube ni ta ce, "Naku sau biyu a shekara, namu sau biyu a yini." Ta kaɗa kai ta tafi wajen tandarta. Ni kuma na shiga gari kallon atamfa.

Ka san sauran. Na dawo na tarar tabarmina na rawa a kan kumfa, bandata ta koma inda ta fito, kifin gulbi ya je gaishe da dangi. A nan kuke fashewa da dariya kullum, kai da Nafisa, a nan ni ma nake tsayar da labarin, don nan ne daɗinsa. Abin da ya biyo baya babanka ya sani, kakanka ya sani, ku ne dai kuka yi ƙanƙanta da jin sa.

Kwando ɗaya ya rage, yana lilo ba nisa, inda ruwa bai fi gwiwa ba. Na tattare zane na shiga. Ina jin mata na ihu da yarensu, na ce su yi ta yi, ni na iya ruwa, ga kuma kambu a ƙugu. Na kama bakin kwandon ke nan sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni: ƙasa ce take gudu daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Ruwan da ya zo yana komawa, yana tafiya da yashin da nake tsaye a kai. Kafin in gyara tsayuwa wata igiyar ruwa ta taso ta fi ni tsawo, ta naɗe ni kamar tabarma. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Da na fito da kai na yi abin da jikina ya sani, na karkata na bi ruwa a gicciye, don a gulbi in ya fi ƙarfinka haka ake yi, ka bar shi ya ɗauke ka, zai ajiye ka a wata gaɓa can ƙasa, ka dawo gida a ƙafa ana yi maka tsiya. Sai na ga bukkokin masunta suna ƙanƙancewa. Wannan ruwan ba gaɓa zai kai ni ba, ba shi da ita. Na buɗe baki in yi salati, gishiri ya cika shi. Hannuwan nan da nake taƙama da su suka yi nauyi kamar taɓarya.

Masunta biyu ne suka shigo da igiya ɗaure a ƙugu, mutane na riƙe da ɗaya bakin a tudu. Ka lura, Babana: mutanen da aka haifa a bakin teku, da igiya suka shigo. Aka jawo mu kamar taru. Maman Kosi ta kifa ni ta danna, na amayar da rabin tekunsu, sannan ta zauna ta zage ni da harsuna uku tana kuka. Da take sauya mini zane ta ga kambun, ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Wannan fa?" Na ce maganin ruwa ne. Ta ce, "Wataƙila bai san hanyar nan ba." Sai hannunta ya tsaya a cikina, ta dube ni, ta daina zagin. Kana tare da ni a ranar. Ba ka iso duniya ba tukuna, amma kun riga kun gaisa da teku, kuma ba ta tambayi ɗan wane ne kai ba.

Da na dawo gida na mayar wa kakanka kambunsa na ba shi labari. Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya tashi ya jefa a murhun banda. Abin da wa'azi bai ƙarasa ba, teku ta ƙarasa. Kai ba ka san shi sosai ba, labarinsa ka sani, kuma labarin da ake ba yara an tace shi. An gaya maka yana nutsewa ya fito da giwan ruwa a rungume. Ba a gaya maka cewa in ya ga hadari ya haɗo daga gabas ko an biya shi ba ya kwance jirgi ba. Ba a gaya maka cewa bai taɓa shiga gurbi mai zurfi ba sai da gora, wannan babbar ƙwaryar da masunta ke kwanciya a kai, tana ƙarƙashin ƙirjinsa. Mece ce gora in ba rigar ceton mutanen da ba? Shi bai zauna a kan tasa yana murmushi ba. Shi ya sa ya mutu a kan gadonsa da furfura, har ya samu ya yi maka huɗuba.

Mazan tunga sun yar da kambu, amma ba su yar da abin da ke sa a ɗaura shi ba, wato jin cewa ruwa ya san jininmu. Yanzu kuma sun sauya masa suna. Wani mai wa'azi a kasuwa ya taɓa cewa a gabana sa irin rigar nan ƙarancin tawakkali ne, in kwana ya ƙare ya ƙare. Na ce, "Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara sani." Da zan wuce na duba ƙofar shagonsa, kwaɗo biyu na gani, kowanne ya kai kan jariri. Limaminmu kuwa da na kai masa maganar cewa ya yi, rai amana ne, wanda ya tsare shi ibada ya yi.

Akwai kuma abin da ya fi tsaya mini. Nafisa ta ce wata 'yar ajinku ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ita hankalinta kwance, in jirgi ya kife Sarkin Ruwa na nan. Ka ji? Taƙamarka ta zama abin dogaron ɗiyar wasu. Ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, su rigunansu za su ɗaga su, kai kuma sai sun bar abin da suke yi sun nemo ka. In kana son sarautar ta tabbata, ka riga kowa ɗaurawa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ja igiyoyin ka ga sun kama. Haka sarkin ruwa na gaske yake yi a mashiga, shi ne mai faɗa in an cika jirgi. Kuma ka je wajen malamarku da bakinka ka ce mata, ni ruwan gulbi na iya, a koya mini na nan. Matar ta ƙare ƙuruciyarta a kan teku, kuma ka ce ko yaushe da rigarta. Kana ganin ita zafin ba ya damunta?

Na san abin da kake tsoro, dariya ce. To, na riga ka gwadawa. Duba cikin ambulan, akwai hoto, Nafisa ta kai aka wanko. Wannan buhun lemon da ke zaune tsakiyar jirgi a mashigar wajen Kaoje, da hijabi a ƙarƙashi da kwando a cinya, innarka ce. A gwanjon Kandi na samo rigar, da rubutun Faransanci a baya da ɗan usur rataye a wuya. Ranar da na fara sa ta, mai tuƙin jirgi ya ajiye filafili ya riƙe ciki.

"Inna Hajo! Ke ɗiyar tunga? Mi za a ce in an ji?"

Na ce, "A ce an gan ni na sauka."

Kulu ta ce na yi kama da kabewar da aka yi wa lulluɓi. Na hura mata usur a kunne har ta saki jakarta. Aka yi ta yi da ni har tsallake, aka yi a kasuwa, aka yi a dawowa. Na iso gida na duba jikina, ko ƙwarzane babu. Kasuwa ta gaba iska ta taso muna tsakiyar gulbi, jirgin ya fara shan ruwa ta gefe, sai na ji hannu ya damƙe igiyar rigata ta baya. Na waiga. Kulu ce, ido rufe, tana ta salati. Da muka sauka ta gyara ɗankwali ta ce, "In za ki Kandi, ki duba mini mai ɗan faɗi." Babanka kuwa, manomin shinkafar Kende da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu da son ransa ba, cewa ya yi tun da ya aure ni bai ga na yi kwalliyar da ta kwantar masa da hankali kamar wannan ba.

Saura ƙanana. Ka gaida masuntan can da ladabi, ka ci abin da suka ba ka in halal ne, kada ka ce musu a gida kaza muke yi. Ka tambayi alƙibla tun kuna tudu. Kada ka cika ciki kafin ku fita, an ce teku na juya hanjin jarumai, kuma ba na son a aiko mini da wannan hoton. Bandar nan ka raba da abokan ɗakinka, ka ba malamarku manyan, ka ce daga wata tsohuwar ɗalibar teku da ta faɗi jarrabawa tun ranar farko. In kun gama, ka cika mini kwalba ɗaya da ruwan can ka kawo wa babanka, har yau yana ganin na ƙara gishiri a labarin.

Layin masu kifi na jiran hoto na biyu. Na riga na yi musu alkawari, kuma ka san ban taɓa ɗaga ranar kaya ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai lafiya. Ya kwantar muku da iska, ya sanyaya muku ruwa, ya tsare ka da abokan tafiyarka da malamanku da mai tuƙa ku. Ya buɗe maka abin da ka je nema, ya sa ya amfani mutanen can da na nan. Babanka na sa maka albarka. Nafisa ta ce a gaya maka ba ita ta kai ƙara ba, wayar ce ta faɗo hannuna. Kulu na gaisuwa.

Wassalam,
Innarka, Hajo mai banda.

Af, na manta. Kai ne mai ilimin, ni jahila ce, sai ka taimake ni: cikin na'urorin nan naku na awo, wacce ce ake tsomawa ta gaya wa teku sunan kakanka?